Layin da Jirgi Bai Bi Ba

Likita Sahabi ya duba awon jinina,
ya ɗaga gira, ya ce, "Malam Tunau,
ƙwaya kaɗai ba ta fisshe ka.
Ka riƙa taka sayyada bayan la'asar."
Sai ka ce ban taɓa noma ba.

To, ina zan bi? Kwalta ta 'yan kabu-kabu ce.
Sai na tuna da tudun nan na bayan gari,
miƙaƙƙe awa zaren magina,
ya keta fadama ya doshi Rima,
bai kauce wa gonar kowa ba.

Babana Nomau ya ce da shi aka tara ƙasar,
kwando bisa kai, 'yan kwabbai ranar Alhamis.
Wai an ce musu dogo za a shimfiɗa,
jirgi ya kwashi albasa ya kai ta Kurmi,
ya dawo da goro da atamfa.
Ya tsufa yana kasa kunne wajen gabas,
bai ji kukan jirgin ba.

Yau ga ni a kai, da sanda da takalmin roba.
Dama, albasar Arzika ta tsaya sahu-sahu,
hagu tafarnuwa, can gaba shinkafa ta sunkuya.
Injin ban-ruwa na tari a bakin rijiya,
balbela na bin shanun Jabbi,
ba ta nemi izninsa ba.

Ashe ba ni kaɗai ba ne.
Ga samari uku da gajeren wando suna sassarfa,
suka gaishe ni da guntun numfashi.
Ga ɗalibi ya riƙe littafi yana tafe yana bita.
Ga Alhaji Marafa da tumbinsa,
shi ma likita ya koro shi,
muka haɗa ido, muka yi dariya,
ba mu tambayi juna ba.

Akwai wani turken siminti gindin giginya,
da lamba a jikinsa, ruwa ya cinye rabi.
Nan babana ya ce tasha za ta zauna.
Yanzu Ige ke kasa rake da gyaɗa a wurin,
ta ajiye benci don masu ciwon gwiwa,
kuma tun da na san ta a tashar nan
ba ta taɓa makara ba.

Ina zaune ina murza ƙafa
sai na ji "Kuuu!" daga bayana.
Yara ne bakwai, kowa ya kama rigar na gabansa,
jikata Kulu ce a gaba, da murfin tukunya a hannu,
suna cuku-cuku-cuku da baki, ƙafa na jan ƙasa.
"Kaka, janye sandarka, jirgi ne!"
Ita da sai a waya take ganinsa,
ba ta taɓa shiga ba.

Na janye. Suka wuce, na ƙidaya taragai,
na ƙarshe wandonsa na zamewa.
Baba, da kana nan da ka miƙe tsaye.
Shekara nawa kana jiran ƙarfe,
ga shi ya zo da ƙafa goma sha huɗu,
bai ko tsaya a tashar ba.

Rana ta jingina da kan giginya.
Arzika ya ɗago daga kunya, hannu duk laka,
ya miƙo min albasa biyar, "A kai wa gida."
Na zuba su aljihu, na juyo a hankali,
ladan na gyaran murya daga cikin gari.
Albasa dai ta bi layin nan yau,
a aljihun ɗan Nomau,
ko da ba ta kai Kurmi ba.